Kwana Uku a Barikin Bakin Teku

Da muka dawo Maraɗi, duk wanda ya tambaye ni inda muka je sai in ce masa Bankok. Ban yi ƙarya ba, amma gaskiya ce da na yanke wa wutsiya. Kwana goma sha ɗaya muka yi a Bankok, muka yi uku a wani gari da ake kira Fataya, a gaɓar tekun Tailan, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas da babban birnin. A can na fara ganin teku a rayuwata, a can kuma na yage shafi guda daga littafin da nake rubuta bayanan bincike. Ban taɓa ba kowa labarin shafin nan ba. Yau na ga ya kamata in ba da shi, domin ya shafi duk ɗalibin da ke fita da alƙalami da rakoda yana farautar maganar mutane.

Tafiyar ba tawa ba ce. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, Bagobirin Tibiri ne da ya daɗe da shago a Maraɗi, yakan je Bankok saro takalma da tufafin yara a kasuwar Faratunam. A farkon 2023 wanda ya saba yi masa tafinta bai samu zuwa ba, sai aka tuna da ni da ɗan Ingilishina na makaranta. Lokacin ina tsakiyar tattara bayanai a kan karin sauti a Gobiranci, ban so in bar aikin ba ko na mako guda. Inna ta saurari uzurina har ƙarshe, sannan ta ce, "Kawunka ne dai." Da wannan aka rufe maganar. Muka tashi daga Yamai, muka sauya jirgi a Adis Ababa, muka sauka Bankok da kunnuwa a toshe.

Kayan da muka sara sai an loda su a kwantena a Lem Cabang, tashar jiragen ruwa mafi girma a ƙasar, su bi teku zuwa Kwatano, daga nan manyan motoci su hauro da su ta Gaya har Maraɗi. Aka samu tangarɗa a takardun duwan, aka ce sai mun jira kwana uku. Dillalin da ke kula da fiton kayan ya ce ya kama mana ɗakuna a Fataya, tafiyar da ba ta fi rabin sa'a ba daga tashar, kuma otel ya fi araha a can. Ya faɗi sunan garin yana murmushi, ya ƙara da wata magana game da abin da ke kai maza can. Kawu ya juyo ya ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Kawu, ya ce garin hutawa ne a bakin teku." Rabin maganar ke nan. Sauran rabin na haɗiye shi, ina gaya wa kaina cewa ladabi ne.

Bayan la'asar muka isa. Wanda ya tashi a bakin gulbin Maraɗi, wanda ba ya kawo ruwa sai da damina, ba shi da ma'aunin da zai auna teku da shi. Na tuɓe takalma na shiga har idon sawu, na ɗebo ruwan a tafin hannu na ɗanɗana, don in tabbatar da abin da aka koya mana a aji. Gishiri ne kuwa, har da ɗaci. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar na kalanda; launinsa tsakanin toka da kore yake, ƙananan jiragen gudu suna keta shi, ledoji suna lilo a bakinsa. A kan rairayi an jera laimomi da kujeru, tsofaffin Turawa sun baje a kai, rana ta mai da su kamar naman da aka fara gasawa. Kawu ya tsaya da carbinsa ya daɗe yana kallon ruwan, ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya juya ya dubi titin da ke bayanmu, inda aka fara kunna jajayen fitilu tun rana ba ta faɗi ba, ƴan mata suna jera kujeru a ƙofar mashaya. Ya ce, "Wanga gari bariki na."

Ban taɓa jin an bayyana tarihin gari da kalma guda kamar yadda Kawu ya yi ba, alhali bai karanta ko layi ɗaya a kansa ba. Mun san "bariki" kalmar aro ce daga Ingilishi, asalinta mazaunin soja. A bakin Bahaushe ta fara da wannan ma'ana, ta faɗaɗa ta haɗa da unguwar Nasara da ma'aikatansa, daga baya ta zama sunan duk wata rayuwa da ake yi nesa da idon iyaye, inda kuɗi ke magana, asali ba ya aiki. Daga nan muka samu ɗan bariki da ƴar bariki da zaman bariki. Fataya ma ta wannan hanya ta bi. Ƙauyen masunta ce har zuwa wajen 1960. Da yaƙin Biyetnam ya yi zafi, sojojin saman Amurka suka yi sansani a Utafao, kudu da garin, inda manyan jiragen B-52 ke tashi su je su yi ruwan bama-bamai. Sojojin da aka ba hutu suna zuwa bakin tekun da dalolinsu, mashayu suka tsiro, mata suka zo daga ƙauyuka. Yaƙin ya ƙare a 1975, sojojin suka tafi, amma kasuwar da suka buɗe ba ta tashi ba. Masu yawon buɗe ido suka gaje ta. A 2019 baƙi kusan miliyan 40 suka shiga Tailan, adadin da ya fi yawan mutanen Nijar gaba ɗaya, kuma Fataya na cikin manyan wuraren da suke sauka.

Inda duk aka yi bariki kuwa, sai an yi Barikanci. Wanda muka karanta a darasin walwalar harshe shi ne Hausar da sojojin mulkin mallaka masu harsuna daban-daban suka riƙa yi a tsakaninsu, wadda ta watsar da bambancin jinsi da sauran abubuwan da ke wahalar da baƙo. Na Fataya Ingilishi ne da aka zuba a tukunyar harshen Tai: aikatau ba ya nuna lokaci, baƙaƙen ƙarshen kalma suna zubewa, ana ninka kalma don ƙarfafawa kamar yadda muke cewa "maza-maza". Tun daren farko kunnena ya fara ƙaiƙayi, ko da yake zuciyata tana ƙyamar wurin. Wannan rabuwa tsakanin kunne da zuciya ita ta bi ni har kwana ukun suka ƙare.

Kawu ya shiga ɗaki ya ce shi da fita sai ranar tafiya. Amma ciki ba ya jira, kuma abincin otel bai kwanta mana ba. Aka ce akwai gidajen abincin Larabawa a kudancin garin, inda ake samun naman yanka. Kafin in fita na cire hulata na ajiye a kan gado, na sauya jallabiya da riga mai gajeren hannu. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba sai daga baya: ban so hular ta ga wurin ba, ko kuwa ban so wurin ya ga hular ba. Na hau irin motocinsu na haya, a-kori-kura mai rufi da benci biyu a baya, wadda suke kira "songtew", ma'ana layi biyu. In ka iso sai ka danna ƙararrawa, ka sauka ka miƙa wa direba kuɗinsa, bat goma a 2023, abin da bai kai dala arba'in ba a lokacin. Ta sauke ni a bakin titin da suke kira Walking Street, wanda ake rufe wa motoci da dare. Ta nan aka kwatanta mini hanya.

Ba zan tsawaita siffanta abin da ke titin ba. Kiɗa goma ne ke tashi lokaci guda, kowanne yana neman danne ɗan uwansa. Warin giya da na gasasshen kifi da na wiwi sun cakuɗe, domin a watan Yunin 2022 ƙasar ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi, shagunanta masu koren ganye a allo sun cika gari. Ga dambe ana yi a tsakiyar mashaya, ga ƴan mata riƙe da alluna, ga waɗanda suke kira "katoi", da suka tuna mini da ƴan daudu ko da yake ba ɗaya suke ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani tsoho da ya kai shekarun kakana, yana dogara sanda da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba. Dokar ƙasar ta 1996 ta hana karuwanci, saboda haka sai harshe ya yi aikin da ya saba yi wa abin da aka hana a takarda aka halatta a titi, wato saye. Kuɗin da namiji ke biyan mai mashaya kafin ya fita da mace, "tara" suke kiransa da Ingilishi, kamar dai wani laifin ajiye mota aka yi. Mu ma da muke cewa "mata masu zaman kansu" ba mu da bakin yi musu dariya.

Na sunkuyar da kai, amma idon ɗalibin harshe ba ya sunkuyawa. Allunan titin littafi ne a buɗe. Rubutun Tai, mai baƙaƙe 44, wanda ba ya barin fili tsakanin kalmomi, shi ne mafi ƙanƙanta a yawancin allunan, wani lokacin ma an matse shi a kusurwa. Ingilishi ne a sama, sai Rashanci, sai Sinanci, sai Larabci da Indiyanci a wasu lunguna. Girman harafi yana bin nauyin aljihu. Masu kiran baƙi kuwa sun fi mu iya tantance mutum: kallo ɗaya za su yi maka su zaɓi harshen da za su jefe ka da shi. Bature "farang" ne, kalmar da masana da yawa ke dangantawa da "farangi" ta Farisanci, mai tushe ɗaya da sunan Faransa. Balarabe da Ba'indiye "khaek" ne, wato baƙo. Ni kuwa na rikita su. Wani ya gwada Ingilishi, wani ya ce "habibi", wani ya jefo gaisuwar Faransanci. Duka na ji, duka na yi kamar ban ji ba. Mai harsuna huɗu ya koma kurma.

Ina dawowa da ledar shinkafa da naman rago a hannu sai na ji abin da ban shirya masa ba. A gabana kaɗan wani ya ce wa abokinsa, "Wallahi tsada gare shi, mu ƙara gaba." Hausa ce tsantsa. A cikin wannan hayaniya ta shige kunnena kamar an kira sunana. Daga jimla biyu na gane karin harshensu, na kusa iya faɗin garinsu, amma ba zan faɗa a nan ba. Ɗayansu ya waiwayo, muka haɗa ido. Ya gane ni kamar yadda na gane shi. Ba sai an yi hula ake sanin ɗan gida ba. Makon da ya wuce a Faratunam, duk Bahaushen da na ji muryarsa sai na tsaya mun gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya har sau uku. A nan ba wanda ya yi wa wani sallama. Ya kau da kai, na kau da kai, taron ya haɗiye mu.

Kafin in kai bakin titi na riga na yanke musu hukunci: me ya kawo magidanta wannan wuri da wannan dare? Sai da na zauna a bencin mota na dubi ledar da ke cinyata, na tuna cewa su ma sun gan ni a wurin, ba hula, cikin dare, kuma ba su da hanyar sanin abin da ke cikin ledar. Wataƙila su ma wani kawu suka bari a ɗaki da yunwa. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Abin da na tabbatar shi ne, harshen da ke sa mu rungumi juna a baƙuwar ƙasa, a daren nan shaida ya zama, kowannenmu yana gudun sa.

Kashegari na yanke shawarar ba zan ƙara fita da dare ba. Da hantsi na zauna a wani lungu bayan otel, inda wata mata da ta kai shekara hamsin take ajiye babur mai ɗaure da teburin abinci. Tana daka ɗanyen gwanda a turmin yumɓu da barkono da lemun tsami, tana sayarwa da shinkafa mai danƙo. Ni dai mangwaro na saya. Wajen azahar ƴan mata suka fara fitowa ɗaya-ɗaya daga ɗakunan haya na saman shaguna, da silifas da manyan riguna, fuska ba kwalliya, idanu da sauran barci. Sai da na ɗan jima kafin in gane cewa su ne na ƙofar mashayun jiya. Suka zauna a ƙananan kujeru suna dunƙula shinkafa da hannu kamar yadda muke yi wa tuwo. Ɗaya tana kallon wayarta, wani yaro mai rigar makaranta yana nuna mata littafinsa daga can wani wuri, wata tsohuwa tana leƙowa ta bayansa.

Na yi ƙarambanin gwada ɗan abin da na koya a Bankok. Na ce wa mai gwandar "ron mak", wato akwai zafi ƙwarai. Ta yi dariya, ta gyara mini karin, sannan ta nuna ƙirjinta ta ce a garinsu "hon lai" ake cewa. Nan take na miƙe zaune. Da ɗan Ingilishinta da taimakon fassarar waya ta bayyana mini cewa ita da kusan duk waɗanda ke zaune nan mutanen Isan ne, yankin arewa maso gabas, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar suke, kuma harshensu ya fi kusa da na ƙasar Lawos. Inda Bankok ke da "r" a farkon kalma, su "h" suke da shi: "rak", so, ya zama "hak", "ron" ya zama "hon". Na ce mata mu ma haka: a littafi ana rubuta "fari", kawuna kuwa "hwari" yake cewa, sunan garin nan ma "Hwataya" yake kiransa. Na tambaye ta ko a Bankok tana yin harshenta. Ta girgiza kai, ta ce in ka yi shi a can sai a ce maka "Lawo", ba da nufin yabo ba. Na tuna shekarata ta farko a Yamai, yadda nake tauna harshena kafin in yi magana a aji, da Faransanci saboda malamai, da Hausar littafi saboda kada a yi wa "wanga" da "mi" dariya.

Daga nan aka mai da ni abin wasa, ni kuwa na yarda. Tana kirana "nong", ƙane, ina kiranta "fi", yaya, domin su ma kamar mu ba sa kiran babba da suna tsirara. Suka kawo mini jarrabawar da ake yi wa kowane baƙo: gaɓar "maa". Da karin tsaka-tsaki tana nufin zo, da karin sama doki, da kari mai tashi kare. Harshen Tai yana da karin sauti biyar, namu yana da sama da ƙasa da faɗau. Na shiga da alfahari, ina ganin wanda ya iya raba kukan yaro da kukar miya ba zai sha wuya ba. Zo ya fito, doki ya fito. Kare ya ƙi. Duk lokacin da na ce kare sai su fashe da dariya su ce doki na ce. Sai a karo na biyar na gane abin da ke faruwa, tsikar jikina ta tashi. Hausa ba ta yarda da kari mai tashi a gaɓa guda. In ƙasa da sama suka haɗu a gaɓa ɗaya sai su koma sama, kamar yadda "tausayi" kan zama "tausai". Dokar da na haddace don jarrabawa ita ce ke zaune a maƙogwarona tana mai da karen mutane doki, a nisan dubban kilomitoci daga gida.

Murna ta sa na fito da littafina. Na rubuta "hon" da "hak" da "maa" uku. Da wasan ya lafa suka koma hirarsu, ni kuwa ban rufe littafin ba. Na ci gaba da rubuta abin da kunnena ya kama da haruffan sauti, ina sa alamun kari, ina jin daɗin cewa na samu abin da Labov ya ce yana da wuyar samu: maganar mutane yadda suke yin ta in ba su san ana saurare ba. Mai wayar nan ta sake kiran gida, na bi muryarta na cika kusan shafi guda. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba, saboda haka ban ga laifin abin ba.

Da ta gama sai ta taso ta tsaya a kaina. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta tambaya ko ni ɗan sanda ne, ko ɗan jarida. Na ce ɗalibi ne. Ta nuna shafin ta ce in karanta. Na karanta, kuma abin takaici, na karanta da kyau. Horon da aka ba mu bai tafi a banza ba. Wurin ya yi tsit. Mai gwandar ce ta bayyana mini a hankali: a cikin layukan akwai sunan yaron, da sunan makarantarsa, da sunan ƙauyensu. A ƙauyen an san tana aiki a otel a bakin teku, tana aiko da kuɗin makaranta da na taki da na gyaran rufi. Wataƙila wasu sun san fiye da haka, amma ba wanda ya taɓa furtawa, kuma a kan wannan shirun gidan yake tsaye. Ga wani baƙo da ba a san daga inda ya fito ba ya haɗa sunan ƙauyen da wannan lungu a takarda ɗaya.

Na so in yi bayani: cewa ba wanda zai iya karanta rubutun a ƙasarmu, cewa sauti kawai nake bi, ba ruwana da ma'ana. Kafin in buɗe baki na ji yadda uzurin zai yi ɗaci. Jiya na ƙi yi wa ɗan uwana sallama don kada sunana ya haɗu da sunan titi a bakin wani. Yau na yi wa wata abin da na gudar wa kaina, ina kiransa bincike. Na yage shafin na miƙa mata. Ta duba bayansa, ta ninke shi huɗu ta sa a aljihu. Ba ta ce ta yafe ba. Mai gwandar ce ta ce "bo pen nyang", ba komai, ta turo mini sauran mangwarona. Wancan shafi na "hon" da "maa" kuwa na nuna musu, na karanta, suka ce in riƙe.

Da dare na kasa barci, ina ta tunanin Isan, ƙasar da ban gani ba. Mai gwandar ta siffanta mini ita: ƙasa mai rairayi, shinkafa sau ɗaya a shekara in ruwa ya zo, da rani matasa su watse birane, tsofaffi su zauna da jikoki suna jiran aike. Ba sai an fassara wa ɗan Nijar wannan ba. Ci-rani muke kiransa. Na tuna matan yankin Kance da ke ɗaukar yara su nufi Aljeriya, da mutum 92, akasarinsu mata da ƙananan yara, da aka tsinci gawarwakinsu a hamada a watan Oktoban 2013 bayan ƙishirwa ta kashe su. Ba sana'a ɗaya ba ce, ban kuma ce ɗaya ba ce. Amma rumbun da ya ƙare tun kafin shuka shi ke fitar da mace daga gidan ubanta, a can da nan. Ƙyamar da na shigo garin da ita ba ta gushe ba, har yau tana nan. Sai dai a daren farko a kan masu tsayuwa a ƙofar mashaya na ɗora ta, su da ake gani. Zuwa dare na biyu ta koma kan mai sanda da irinsa, da masu mashayar da ke karɓar "tara", da duk wanda ya zo ya ɗebi abin da yake so ya tafi saboda yana da hali. A wannan jeri na ga ba ni da tabbacin cewa mai littafi da alƙalami ba ya ciki.

Rana ta uku Juma'a ce. Wani ɗan kabu-kabu mai riga mai lamba, da ya ga hular Kawu, ya yi mana sallama, ya kira abokinsa suka kai mu wani masallaci a gefen babban titin da ya nufi Bankok. Ashe garin yana da Musulminsa na asali, masu gidaje da makarantun allo, waɗanda ba ruwansu da bakin teku. Aka yi huɗuba da harshen Tai, ban tsinci komai ba sai ayoyi. Bayan salla wani dattijo ya riƙe hannun Kawu ya daɗe bai saki ba, ba mai jin harshen wani, ba su kuma nemi tafinta ba. Da yamma dillali ya bugo ya ce takardu sun fito. A rasit ɗin otel na ga an rubuta shekara 2566, domin lissafinsu na addinin Buda ya girmi na Miladiyya da shekara 543.

A mota, muna komawa Bankok, Kawu ya daɗe yana kallon gonakin gefen hanya, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗana, ranan nan dillali ya yi magana mai tsawo, kai kau ka hwaɗi gajeruwa." Na yi shiru. Ya ce, "Na san sunan garin ga tun kana firamare. Ka ɓoye min don kunya, na ƙyale ka don kunya. Amma in maganar kuɗi ta, kada ka rage min ko harafi." Na ce, "To, Kawu. Ku yi haƙuri." Ya ce ba komai, ya koma ga carbinsa.

Bayan wata biyu na koma ƙauyukan Tibiri na ci gaba da aikina. A da nakan kunna rakoda in sa a aljihu, in zauna a majalisa ko bakin rijiya, ina ganin Hausata ce, mutanena ne, ba sai na nemi izini ba. Yanzu nakan ajiye ta a fili a kan tabarma, in faɗi abin da zan yi da maganar, in kuma sake kunna wa mai ita ya ji kafin in tafi. Aikin ya ƙara jinkiri, wasu sukan gyara murya su koma Hausar rediyo, sai in jira har su manta. Wata tsohuwa ta saurari muryarta har ƙarshe, ta ce in goge inda ta ambaci kishiyarta. Wurin yana da misalai uku na faɗau da na daɗe ina nema. Na goge a gabanta.

Littafin yana nan a jakata, da guntun gefen shafin da ya rage a jikin ɗinki. Ranar da muka dawo Inna ta tambaye ni ko na ga teku, na ce na gani. Ta ce da gaske gishiri ne? Na ce da gaske ne, na ɗanɗana. Ba ta tambayi sunan garin ba, ni kuma ban faɗa ba.